Gadon Gambo Sawaba: Ƙuri'a Ta Samu, Kujera Ta Gagara

A zaɓen tarayya na watan Disamban 1959, wanda ya share fagen samun mulkin kan Nijeriya, an raba kujeru 312 na Majalisar Wakilai gwargwadon yawan jama'ar kowace jiha, Jihar Arewa ta tashi da 174. A cikin ƙidayar da ta ba Arewa wannan rinjaye har da mata: matan aure da ke kulle, da zawarawa, da tsofaffi masu dillancin kayan ɗaki gida-gida. Amma da ranar zaɓe ta zo, ko ɗaya daga cikinsu ba ta da ikon jefa ƙuri'a. Matan Ikko da Badun da Inugu suka yi layi suka zaɓi wanda ransu ke so. Na Kano da Zariya da Sakkwato kuwa an ƙirga kawunansu, an karɓo kujeru da yawansu, aka ce su zauna a gida. Wannan lissafi ne Hajiya Gambo Sawaba ta ƙarar da ƙuruciyarta tana jayayya da shi, ta sha bulala, ta sha duka, ta shiga gidan yari har sau 16 kamar yadda masu rubuta tarihinta suka ƙididdige.

Yau sunanta ya zama abin ado a jawabai. Duk ranar mata ta duniya, 8 ga Maris, sai an ambace ta, a ce jaruma ce, uwar marayu ce, a tafa a watse. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne abin da ta nema ɗin: me aka biya daga ciki, wa ya biya, kuma me ya rage bashi.

An haife ta a 1933, sunanta na yanka Hajaratu, Gambo kuwa don ta biyo tagwaye ne. Mahaifinta, Isa Amarteifio, mutumin ƙasar Gana ne da aikin jirgin ƙasa ya kawo shi Zariya, ya musulunta, ya auri mahaifiyarta Fatima, Banufiya. Wato 'yar gidan ma'aikacin reluwe ce, daga cikin irin mutanen da layin dogo ya tara a Zariya, waɗanda ba su da gidan sarauta a birni, ba su kuma jin nauyin fada kamar yadda haifaffen cikin ganuwa ke ji. Ta fara makarantar En'e a Tudun Wada, mahaifinta ya rasu a 1943, karatu ya tsaya, mahaifiyar ta bi bayansa ba da daɗewa ba. Tana shekara 13 aka aurar da ita ga wani tsohon soja da ya dawo daga yaƙin duniya na biyu. Ya tafi ya bar ta da ciki, bai dawo ba. Duk abin da ta zo ta yi magana a kansa daga baya, auren wuri ne, cire yarinya daga makaranta ne, wulaƙancin da ake yi wa macen da miji ya watsar ne, ta riga ta ɗanɗana shi kafin ta cika shekara 17. Masu cewa maganar haƙƙin mata kaya ne da aka yo odarsa daga Turai ba su da amsa idan aka kawo wannan mata, wadda ba ta gama firamare ba, balle ta karanta littattafan matan Ingila da Amurka.

A watan Agustan 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, Jam'iyyar Neman Sawaba, wadda Malam Aminu Kano ya zo ya jagoranta. Gambo ta shige ta tun tana sabuwa, a lokacin da shiga Nefu a Zariya abu ne da ake yi a ɓoye. Wanda bai san yadda mulkin En'e yake ba zai ɗauka shiga jam'iyyar adawa a wancan zamani kamar na yanzu ne. Ba haka ba ne. Sarki ke da 'yan doka, shi ke da alƙalai, shi ke da gidan yari, kuma daga ofishinsa ake neman izinin yin lacca. Manyan En'e ɗin nan su ne kuma manyan jam'iyyar NPC mai mulki. Saboda haka ɗan Nefu yana neman izinin taro ne daga hannun abokin hamayyarsa. Idan an hana shi ya yi, 'yan dokan abokin hamayyar su kama shi, alƙalin abokin hamayyar ya ɗaure shi. A kotunan alƙalai ba a yarda lauya ya tsaya wa mutum ba. Laifin "zagin sarki" ko "taro ba izini" ya isa a yi wa mutum wata uku ko shida, a haɗa masa da bulala. Ban da wannan ga 'yan daba da aka ɗaure wa gindi, irin waɗanda aka sani a Kano da 'Yan Mahaukata, masu tarwatsa lacca da gora da adda. Manufar Nefu ita ce raba talaka da wannan ƙangi, da haraji da jangalin da ake tatsa ba ƙa'ida, da aikin tilas.

A cikin wannan jam'iyya ta maza talakawa, teloli da mahauta da 'yan koli da malaman zaure, Gambo ta zama shugabar mata. Labarin da ya fara fito da ita shi ne na wata lacca a Zariya, inda aka ce maza sun yi shiru don tsoro, ita kuwa ta hau mumbari ta faɗi abin da ke bakinta. Daga baya jam'iyya ta tura ta Kano. A can ta yi abin da hukuma ta ɗauka ya fi lacca haɗari: ta riƙa bin gidaje tana shiga wurin matan kulle, tana zama da su a tsakar gida tana yi musu bayanin Nefu. Namiji ɗan siyasa iyakarsa zaure, ita kuwa har ƙuryar ɗaki. Aka kama ta, aka kai ta gaban alƙali, aka ɗaure ta, ƙarshe aka ce ta bar ƙasar Kano. Wanda ya dubi wannan hukunci zai gane cewa masu mulkin ba su raina aikin nata ba. Sun san idan magana ta shiga cikin gida, ta shiga inda ɗan doka ba ya iya binta.

A shekarun nan ne ta je Abekuta ta ga Funmilayo Ransome-Kuti, wadda ta jagoranci matan kasuwa suka yi zanga-zangar ƙin harajin mata har sarkin garin, Alake Ademola, ya sauka daga gadon sarauta a farkon 1949. Tsakanin matan biyu akwai tazara mai faɗi. Funmilayo ta yi karatu a Ingila, mijinta shugaban makaranta ne, bayanta kuma ga dubban matan kasuwa masu jarinsu da ƙungiyoyinsu, waɗanda fita waje sana'arsu ce. Gambo ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Matan da take son tarawa suna sana'a, suna dakau da ƙuli-ƙuli da saƙa da kitso, amma daga cikin gida, yara ke kai musu talla. Matar aure mai mutunci, a ma'aunin wancan zamani, ba ta zuwa dandalin lacca.

Nan ne matsalar da har yau ba ta warware ba ta samo tushe, kuma ya kamata a faɗe ta ba kunya. Tun da matan aure ba sa fita, matan da suka cika rassan mata na jam'iyyu a shekarun 1950, na Nefu da na NPC duka, galibinsu zawarawa ne da mata masu zaman kansu, sau da yawa ƙarƙashin magajiyar gari. Su ke rera waƙoƙin jam'iyya, su ke dafa abincin taro, su ke ɓoye 'yan Nefu idan ana farautarsu, su ke kai musu abinci gidan yari. Abokan hamayya suka sami sanda a hannu: duk macen da ta shiga siyasa karuwa ce. An jefi Gambo da wannan kalma iyakar jifa. Dabarar tana da sauƙi kuma tana ci. An rufe wa matar aure ƙofar fita, sannan aka nuna waɗanda suka fita aka ce ku dubi irin matan da ke siyasa. Da haka aka hana mace ta gari sha'awar abin, aka kuma hana jama'a sauraron wadda ta riga ta shiga, komai gaskiyar maganarta. Duk macen Arewa da ta taɓa manna hotonta a bango tana neman kansila ta san wannan sanda ba ta karye ba. Tambayar farko da ake yi a majalisar unguwa ba ita ce me za ta yi ba, a'a, tana da aure? In tana da shi, wane irin miji ne ya bar ta? In ba ta da shi, to, an gama magana.

Hujjar NPC a fili ita ce addini da al'ada ba su yarda ba, kuma lokaci bai yi ba, sai mata sun yi ilmi tukuna. A tarurrukan tsarin mulki na London a 1957 da 1958 aka bar wa Arewa ta yanke wa kanta hukunci a kan wannan, ta kuwa yanke. Amma akwai lissafin da ba a faɗa a lacca. Idan aka ba mata ƙuri'a, wa zai fito? Matan Sabon Gari za su fito, matan yankin tsakiya da ba su san kulle ba za su fito, matan Nefu za su fito. Matan hakimai da na attajirai da na malamai, waɗanda mazansu ke NPC, su ne za a sha wahalar fitarwa. Wato ƙuri'ar mata riba ce ga 'yan adawa. A ganina wannan tsoro ya fi nauyi a zukatan masu mulkin fiye da kowace fatawa.

Dalilina kuwa shi ne, hujjar addinin ba ta tsaya da ƙafafunta ba ko a wancan lokaci. A 1956 Malam Isa Wali, ɗan gidan malamai a Kano, ya yi rubuce-rubuce a jaridar Nigerian Citizen a kan matsayin mata a Musulunci, yana kafa hujja da Alƙur'ani da hadisi cewa abin da ake yi wa mata a Arewa al'ada ce aka yafa mata rigar addini. Malam Aminu Kano, wanda shi ma ɗan alƙali ne kuma mai tafsiri, ra'ayinsa ke nan. Kafin su duka da shekara ɗari, Nana Asma'u 'yar Shehu Ɗanfodiyo ta riga ta kafa 'Yan Taru, tana naɗa jajis tana tura su ƙauyuka su karantar da mata. Sannan ga misali a bakin ƙofa. A Nijar, dokar da Faransa ta yi a 1956 ta ba kowane baligi ƙuri'a, mace da namiji. Bahaushiyar Maraɗi da ta Damagaram, Musulma 'yar Musulmi, mai bin mazhabar Malikiyya kamar 'yar'uwarta ta Katsina da Daura, ta sami ikon zaɓe shekara 20 kafin ita. Ba a ji cewa addininta ya ragu ba. Matan Pakistan, ƙasar da aka kafa da sunan Musulunci, su ma sun riga matan Arewa.

To yaya aka yi ƙuri'ar ta samu? Ba Nefu ce ta ci zaɓe ta kawo ta ba. A 1959 kujeru 8 kacal ta samu, NPC ta kwashi 134, kuma har sojoji suka kifar da Jamhuriya ta Farko a Janairun 1966 matan Arewa ba su taɓa zaɓe ba. Sai a 1976, lokacin gyaran ƙananan hukumomi a mulkin Janar Obasanjo, gwamnatin soja ta ba su wannan dama da doka, tsarin mulkin 1979 ya tabbatar da ita. Gyaran nan kuma shi ne ya ƙarasa rushe En'e, bayan gwamnatin Gowon ta riga ta karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun sarakuna. Abubuwa biyun da Gambo ta sha ɗauri a kansu, ikon En'e da hana mata zaɓe, alƙalamin soja ne ya soke su.

Wani zai ce ashe ke nan wahalar banza ta sha, tun da abin da ɗauri 16 bai kawo ba sa hannun janar ɗaya ya kawo. Ban yarda ba. Soja bai ba da abin da ba a taɓa nema ba. Ya tarar da magana ce da aka shekara 25 ana yi, an daki mutane a kanta, har ta daina zama baƙuwa a kunne. Shi ya sa da dokar ta fito ba a yi bore ba, malaman da aka ce za su tayar da ƙasa ba su tayar ba. Amma yadda abin ya zo yana da nasa illa. Haƙƙin da aka ƙwata da ƙungiya yakan bar ƙungiyar a tsaye, da shugabanninta da dabarunta, ta ci gaba da neman na gaba. Wanda aka sauko da shi daga sama kuwa yakan tarar da mutane a warwatse. Da aka buɗe siyasa a 1978, jam'iyyun da magabatansu suka ce ƙuri'ar mace haramun ce su ne suka fi kowa iya fitar da mata ranar zaɓe, a motoci, layinsu daban, wasu da yamma don kada su haɗu da maza. Lissafin da aka ji tsoro a 1959 ya juye: matan kulle sun zama rumbun ƙuri'a mafi albarka ga duk wanda ya iya shiga ta hannun mai gida ko ta hannun uwar biki.

Ita kanta Gambo a Jamhuriya ta Biyu ba ta bi PRP ta Malam Aminu ba, ta shiga GNPP ta Waziri Ibrahim, har ta zama mataimakiyar shugaban jam'iyyar na ƙasa. Masu son tarihi ya miƙe sambal ba su cika son wannan babi ba, amma yana nuna cewa matar ba 'yar amshin shata ba ce, ko ga malamin da ya fito da ita. Ba ta taɓa riƙe kujerar zaɓe ba. A ƙarshen shekarun 1990 ta janye daga siyasa, tana kukan cewa kuɗi sun lalata ta, ta rasu a watan Oktoban 2001. Rima Shawulu ya rubuta tarihinta da Turanci tun tana da rai, a 1990.

Bayanta gadon ya rabu, kowa ya ɗauki abin da hannunsa ya kai. 'Yan boko suka ɗauki ɓangaren bincike da shari'a. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, garinta, aka yi taron 1982 wanda ya haifi ƙungiyar WIN, mai ganin cewa zaluncin da ake yi wa mace da wanda ake yi wa talaka igiya ɗaya ce ta ɗaure su, ra'ayin da ya fi kowanne kusa da na Nefu. A 1985 aka kafa ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN a Minna, Hajiya Aisha Lemu ta zama Amira ta farko, suka bi hanyar makarantu da asibitoci da neman haƙƙin mace daga cikin Shari'a. Sai ƙungiyoyin kare haƙƙin mata, BAOBAB ta su Ayesha Imam a 1996, da WRAPA a 1999. Amfanin waɗannan ya fito fili lokacin da kotunan Shari'a suka yanke wa Safiya Hussaini a Sakkwato da Amina Lawal a Katsina hukuncin jifa. Lauyoyi, cikinsu har da Hauwa Ibrahim, suka ɗaukaka ƙara, suka yi jayayya da littattafan fiƙihun Malikiyya, aka sallami Safiya a 2002, Amina a 2003. Gambo ta tsaya gaban alƙali ba lauya. Jikokinta suka tsaya gaban alƙalai su ne lauyoyin. Wannan ci gaba ne na gaske, ba na jawabi ba. A fagen adabi ma, Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita ma aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta kai maganar cikin ɗakunan mata da littafinta Wa Zai Auri Jahila?, ta hanyar da ta fi kama da shiga gida-gidan da Gambo ta yi.

Sai dai akwai abin da ya salwanta a wannan rabo. Ƙungiyoyin nan na masu digiri ne, da yawansu da kuɗin masu ba da tallafi daga waje suke aiki, taronsu a otal, rahotonsu da Turanci. Matar da ke soya awara a bakin titi tana zuwa ne a matsayin wadda za a wayar wa kai, ba wadda za ta hau mumbari ba. Gambo kuwa ita ce mai awarar, kuma ita ce a kan mumbari. Ɓangaren gadon da ya rage a hannun mata talakawa shi ne muƙamin shugabar mata a jam'iyyu, kuma kowa ya san abin da ya koma: tara mata ranar gangami, raba atamfa da taliya da sabulu, guɗa idan ɗan takara ya iso. Kujerar da aka ɗaure mace a kanta sau 16 ta zama ofishin rabon anko.

Alƙaluma ba su yi mana kara ba. A Majalisar Dattawan da aka zaɓa a 2023 mata 4 ne cikin 109, babu ko ɗaya daga Arewa maso Yamma ko Arewa maso Gabas. A Majalisar Wakilai ba su kai 20 cikin 360 ba. Tun daga 1999 Kano ba ta taɓa aika mace Majalisar Dattawa ba, haka Katsina, haka Sakkwato, alhali duk ɗan siyasa a jihohin nan zai gaya maka layin mata ne ke yanke hukunci ranar zaɓe. Ba a taɓa zaɓen mace gwamna a Nijeriya ba. Abin lura, biyun da suka fi kusa duk 'yan Arewa ne kuma Musulmi: Aisha Jummai Alhassan a Taraba a 2015, da Aishatu Ɗahiru Binani a Adamawa a 2023. Kaduna ta zaɓi Dokta Hadiza Balarabe mataimakiyar gwamna a 2019. Waɗannan sun nuna cewa mai zaɓe, idan an kawo masa mace a takarda, ba lallai ne ya guje ta ba. Inda ake kashe maganar shi ne kafin a kai takardar, a zaɓen fid da gwani, wurin wakilan da ake saye da kuɗi da taron tsakar dare a gidan uban jam'iyya. A watan Maris na 2022 Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurori biyar na gyaran tsarin mulki da suka shafi mata, ciki har da na ware musu kujeru, mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar majalisar. Nijar kuwa tun 2000 ta yi dokar kaso, ta ƙara shi zuwa kashi 25 cikin ɗari na kujerun zaɓe a 2019, kafin juyin mulkin 2023 ya rushe majalisar.

Maganar auren wuri ta fi wannan nauyi, don ita ta shafi gidan kowa. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta fito a 2003, ta sa shekara 18 a matsayin shekarun aure, amma sai kowace jiha ta amince da ita kafin ta yi aiki a cikinta. Jihohin Arewa suka yi ta jan ƙafa, wasu kusan shekara 20, kuma da suka zo amincewa, batun shekarun aure shi ne inda aka fi yin kwana. A 2013 Majalisar Dattawa ta so goge wani sashe na tsarin mulki da ke ɗaukar duk matar aure a matsayin baliga, Sanata Ahmad Sani Yariman Bakura ya tashi ya ce hakan ya saɓa wa Musulunci, aka bar sashen. Da Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Biyu ya kawo batun dokar iyali a 2017, wadda za ta taɓa aure da saki da ciyarwa, ya sha suka daga kan mumbarori. A Zariya, babban asibitin Ƙofar Gayan yana ɗauke da sunan Gambo Sawaba, kuma yana cikin wuraren da ake yi wa mata aikin yoyon fitsari, ciwon da doguwar naƙuda ba tare da taimakon likita ba ke jawowa, wanda ya fi kama yarinyar da ta ɗauki ciki ƙugunta bai gama buɗewa ba. Sa sunan ya dace ƙwarai. Amma ita ba gadon jinya ta nema wa yaran nan ba, aji ta nema musu.

Akwai kuma yadda muke tuna ta, wanda shi ma wani nau'in rage mata kaifi ne. Gaskiya ne gidanta a Zariya bai rabu da marayu da marasa lafiya da baƙi ba, ta riƙi 'ya'yan da ba ita ta haifa ba da yawa, ta mutu ba ta tara komai ba. Wannan hoton ya fi daɗin ɗauka, don uwa mai ciyarwa ba ta tsone wa kowa ido. Amma ba don ciyar da marayu aka aske mata kai a kurkuku ba, ba don shi 'yan daba suka yi mata dukan da suka bar ta a daji suna zaton ta mutu ba, kamar yadda aka ruwaito. An yi mata haka ne don ta ce sarki da alƙali da hakimi za a iya tuhumarsu, kuma mace talaka tana cikin masu tuhumar. Matar tana da zafin rai, tana da kaifin baki, ba ta iya lallashi ba, aurarrakinta ba su daɗe ba. Da yau take, da yawa daga cikin masu yabonta a taro su za su fara cewa ba ta da kunya, kamar yadda ake ce wa 'yan matan Arewa da suka fito a Twitter a 2019 suna ba da labarin fyaɗe da cin zarafin da aka yi musu.

Daga baya an sake dawo da batun ware wa mata kujeru na musamman a majalisu. Ina goyon bayansa, don shekara kusan 50 na ƙuri'a sun isa shaida cewa abin ba zai gyaru da kansa ba, kuma ƙasashe irin su Senegal, wadda ta yi dokar raba takara daidai tsakanin maza da mata a 2010, Musulmi ne mafi rinjaye a cikinsu. Amma in har uban jam'iyya ne zai ci gaba da rubuta sunayen 'yan takara, kujerun za su tafi ga matan gwamnoni da 'ya'yan ministoci da ƙannen sanatoci. A 2022 jam'iyyar APC ta sayar da takardun takarar sanata naira miliyan 20, na ɗan majalisar wakilai miliyan 10, na majalisar jiha miliyan 2. An yi wa mata rangwamen kuɗin takarda, amma ba a yi musu rangwamen kuɗin wakilai ba, kuma nan ne ake kashe dukiyar gaske. Dokar kujerun mata da ba ta taɓa yadda ake fid da ɗan takara ba, za ta ƙara yawan gyale a zauren majalisa, ta bar marainiyar ma'aikacin reluwe da ba ta gama firamare ba a waje, tana jiran a kira ta rabon atamfa.